Ɗariƙun Taki a Ƙasar Kanada

Tun ranar 17 ga Oktoba 2018 da Kanada ta halasta tabar wiwi, doka ta yarje wa kowane gida a yawancin lardunan ƙasar ya shuka tushe huɗu. Huɗu kacal. Abin da a Najeriya zai kawo maka jami'an NDLEA da asuba, a can ɗariƙu ya haifa, kuma duk rigimarsu a kan taki ce.

Akwai mai takin gargajiya, wanda ya ce shi ba shuka yake ciyarwa ba, ƙasa yake ciyarwa. A kicin ɗinsa akwai akwatin tana, kullum yana jera musu ɓawon ayaba don ya kwashi kashinsu. Ga kashin jemage, ga garin ƙashi, ga ruwan ruɓaɓɓen kifi, ga ciyawar teku. Da dare ya jiƙa taki a bokiti, ya jona masa injin iska na tankin kifi, ya ce wai shayi yake haɗa wa shuka. Matarsa tuni ta daina gayyatar baƙi. Ƙananan ƙudajen da ke tashi daga tukwanen kuwa, in ka yi magana, sai ya ce alamar rai ce. Kada dai ka tambaye shi yadda kashin jemagen ya ƙetaro teku daga Indonesiya, ko gansakukar fadamar da ake haƙo masa, wadda kaurinta ke ƙaruwa da kamar milimita 1 a shekara. Nan take zai tuna yana da uzuri.

Abokin gabansa ko ƙasa ba ya taɓawa. Shukarsa a zaune take cikin audugar dutse, wato dutsen da aka narkar aka kaɗa shi ya zama zare. Safar hannu, sirinji, ma'aunin tsamin ruwa, kwalba A da kwalba B: in ka shigo sai ka ɗauka ɗakin gwajin jini ne. Hujjarsa ɗaya, kuma gaskiya ce: tun 1840 Justus von Liebig ya bayyana cewa gishirin ma'adinai shuka ke sha, saiwa kuma ba ta tambayar ko naitirojin daga cikin jemage ya fito ko daga masana'anta irin wadda Carl Bosch ya tayar a Jamus a 1913. Matsalar ita ce sai ya maimaita maka wannan a wurin biki, a wurin makoki, har a layin biyan kuɗi. Ranar da famfonsa ya tsaya yana wurin aiki kuwa, shukar da ba ta da ƙasar da za ta riƙe mata danshi ta langaɓe kafin la'asar, shi ma ya langaɓe.

Sai ɗan tsakiya, jemage ba ka ga tsuntsu ba ka ga dabba. Yana cika tukunya da zaren ɓawon kwakwa daga Siri Lanka, mai kama da ƙasa amma kusan babu abinci a cikinsa, ya riƙa ɗura masa ruwan kwalba a ɓoye. Gaban 'yan gargajiya ya nuna tukunyar, gaban 'yan zamani ya nuna sirinjin.

Mai hanci ba ya shuka komai. Aikinsa ya sansana, ya lumshe ido, ya ce "wannan na kemikal ne." A sauya masa kwalaben ya sake lumshe ido ya faɗi akasin haka da irin wannan tabbacin.

Wata tsohuwa kuma ta dasa nata a gefen tumatir, ta zuba abin da ya rage a buhun takin fulawowinta, ta manta. Ya fi na kowa tsayi, kuma duk ɗariƙun sun haɗu a kan cewa sa'a ce kawai.

Mai shago kaɗai ba ya musu da kowa. Kashin jemage a dama, kwalabe a hagu, ya gyaɗa wa wannan kai ya gyaɗa wa wancan. Ubangidansa a sana'ar shi ne kamfanin Scotts Miracle-Gro na Amurka, mai sayar da takin ciyawar ƙofar gida, wanda a 2015 ya sayi General Hydroponics, mai haɗa kwalaben takin zamani. General Hydroponics ɗin ma yana da kwalaben takin gargajiya, ga mai so.