Aiki a Abuja, Kwana a Nasarawa

Da takardar canjin wurin aiki ta fito aka ga an rubuta Abuja, gidanmu na Kano ya cika da 'yan taya murna. Gwaggona ta riƙe min hannu ta ce, "Ɗan nan, in kun haɗu da shugaban ƙasa a masallaci, ka yi masa maganar fanshon marigayi." Uwargida kuwa sharuɗɗa ta gindaya: gida kusa da Islamiyya, famfo mai kawo ruwa, da maƙwabtan da za a aiki yaro ya karɓo daddawa ba sai da Turanci ba. Ni burina bai wuce in isa ofis, can wajen Sakatariyar Tarayya, kafin a ɗauke littafin sa hannu ba.

Wani abokin aiki ya haɗa ni da dillali, mutum mai waya biyu da makullai fal aljihu. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya karɓi kuɗin ganin gida, don a garin nan kallo ma da farashinsa. Ya tambaye ni unguwar da nake so. Na ambaci waɗanda nake ji a rediyo, Maitama ko Asokoro. Ya dubi takalmina, ya dubi agogona.

"Yallaɓai, kwangila ko albashi?"

"Albashi."

"Allah Sarki," in ji shi. "Shigo mota."

Muka fara da Gwarinpa, makeken rukunin gidajen nan da aka gina zamanin Abacha. Gida tsaf, ɗaki biyu da falo. Da ya faɗi kuɗin shekara sai na nemi wurin zama. Ashe bai gama ba: kashi 10 cikin 100 na dillali, wani kashi 10 na lauya, ga kuɗin ajiyar ɓarnar da ban riga na yi ba, ga na gadi da kwasar shara. Na ce, "To ina lauyan?" Ya ɗaga wayarsa ta biyu.

Daga nan muka haura Mpape, a kan tudu. "Daga tagarka kana kallon Maitama," in ji shi, "iskarku ɗaya da ministoci." Yana rufe baki wata ƙara ta tashi, gilashin tagar ya yi rawa. Ya ce ai masu fasa dutse ne, da an kwana biyu kunne ya saba. Na tuna masa cewa a watan Satumban 2018 ƙasa ta motsa a unguwar nan har mutane suka fito da gudu. Ya ce, "Ai ta daina, ranka ya daɗe." Muna fitowa na hango jan fenti a katangar maƙwabta. Duk wanda ya san Abuja tun lokacin da El-Rufa'i ya riƙe ta, daga 2003 zuwa 2007, ya san jan fenti ɗan aiken motar rusau ne. Dillali ya ce yara ne suke koyon zane.

Sai muka miƙa hanyar Kaduna, muka wuce Zuba, muka wuce Dutsen Zuma da ke jikin takardar naira 100, har Suleja. A nan ne ya zama malamin tarihi. Wannan, in ji shi, ita ce Abuja ta asali: da gwamnatin Murtala ta yi dokar kafa sabon babban birni a 1976 aka ɗauki sunan, aka bar garin da Suleja, kuma sai a Disamban 1991 gwamnati ta taso daga Legas. Gaskiya ya faɗa, kuma ga sarki, ga Islamiyya, ga daddawa har da ƙari. Amma ofishinmu ba a Abuja ta asali yake ba, kuma jihar Neja muke.

Ranar Lahadi bayan azahar ya bugo min, murya cike da albishir. "Yallaɓai, naka ya samu. Mararaba. Minti ashirin zuwa ofis." Na ce gani ya kori ji. Ya miƙa min wayarsa in riƙe lokaci da kaina. Muka tashi daga shataletalen AYA, muka gangara Kugbo, muka ratsa Nyanya, titi fayau sai iska. Wallahi minti ashirin ɗin bai cika ba muka tsaya a ƙofar gida. Ɗaki biyu da falo, sabon fenti, kan famfo yana ƙyalli, ga muryar yara 'yan Islamiyya daga bayan katanga, kuɗin kuma bai kai rabin na Gwarinpa ba. Na biya nan take. Sai a takardar haya na ga an rubuta ƙaramar hukumar Karu, jihar Nasarawa. Dillali ya ce iyaka a takarda kawai take.

Litinin na idar da sallar asuba, na sa sabon kaftanina mai guga, na fito bakin titi a natse. Na tarar da jama'ar da ban taɓa gani ba ko a filin idi. Ashe birnin da aka tsara da faffaɗan tituna da furanni bai tanadi wurin kwanan yawancin masu yi masa aiki ba. Akawu, direba, malamin makaranta, ɗan sanda, mai shara, duk a Nyanya da Karu da Mararaba da Ado da Masaka suke kwana, kuma titin Keffi ne ke kwasarsu gaba ɗaya ya zuba cikin gari a sa'a guda.

Shiga mota kokawa ce. An riga an ja min kunne kan motocin 'yan wan-cans, masu ɗaukar fasinja su yi masa ƙarƙaf su watsar a hanya, don haka sai da na ƙare wa kowa kallo kafin in sa ƙafa. Wata baiwar Allah da ke ciki ta ga yadda nake zare ido, ta rungume jakarta ta fice. Aka shirya mu kamar goro a huhu, huɗu a baya, biyu a kujerar gaba, giyar direba a cinyata. Muka yi tafiyar da ba ta kai jifa ba, muka tsaya.

A cikin cunkoson nan na ci ƙosai, na sayi safa da cajar waya, na ji tarihin rikicin gadon mutumin da ke gefena tun daga kakansa. Wani a motar kusa yana aske gemu a madubi. Na ce ko in hau acaɓa, aka ce iyakarsa bakin gari, don tun 2006 aka hana shi shiga tsakiyar birni. Da na isa ofis an ɗauke littafi, an ja jan layi, har masu shayi sun fara wanke kofuna. Shugaban sashenmu ya dubi kaftanin, wanda yanzu babu alamar ya taɓa ganin dutsen guga, ya ce, "Mararaba?" Na ce eh. Ya ce, "Allah ya ba da haƙuri."

Da iyali suka iso, uwargida ta nufi famfo ta murɗa. Ya yi tsaki, ya yi shiru. Ta ce, "Baban yara, wannan na ado ne?" Kafin in amsa mai ruwa ya yi sallama da kurarsa, ya ce tun jiya yake jiran mu tare. Da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya yi tsalle, na zauna da biro na haɗa na mota da na jarkoki da na ƙosan hanya. Abin da maigidan Gwarinpa ya so karɓa a dunƙule, titin Keffi yana karɓarsa kullum a gutsure, ya haɗa da barcina. Ina fita yara ba su tashi ba, ina dawowa sun yi barci. Wata Asabar autana ya gan ni zaune a falo da rana tsaka, ya ruga ɗaki yana cewa, "Umma, an yi baƙo!"

A ranar na buga wa dillali, na zazzage masa duk abin da ke cikina. Ya saurara har na gaji, sannan ya ce, "Yallaɓai, ai da hannunka ka riƙe agogo. Minti ashirin na nan daram, sai dai ka roƙi ofis su mayar da aikinka ranar Lahadi. In kuma kana son ka tashi, akwai wani gida a Masaka, kusa ne ƙwarai. Yaushe za mu je ka gani?"

Na ce Litinin, ƙarfe shida na safe.

Ya ce wayarsa ba ta ji sosai.