Lauyoyin Shagon Caji

Mu fa nan Tambuwal lauyoyi sun yi mana yawa, sai dai akasarinsu ba su san hanyar makarantar lauyoyi ba. A shagon caji suka yi digirinsu, inda ake tura wa mutum fim a waya. Yaro ya kwana uku yana kallon shari'ar Indiya da aka juya da Hausa, gari na wayewa ka tambaye shi bashin da kake bin sa, sai ya gyara tsayuwa ya ce: "Baba, kana da shaida?"

Ba yau muka fara ba. Iyayenmu sun sha dariyar Kuliya Manta Sabo tun talabijin tana baƙi da fari, kuma alƙalin ciki irin namu ne, da rawaninsa da mai gabatar da ƙara. Daga baya Sunny Deol ya zo a fim ɗin Damini na 1993 yana daka wa alƙali tsawa kan ɗage shari'a yau da gobe. Wannan kam duk wanda ya taɓa bin shari'ar gona ya fahimce shi ko ba fassara. Yanzu kuwa 'yan jami'ar Ɗanfodiyo da ke dawowa hutu sun shigo mana da Suits, shirin Amurka da aka yi daga 2011 zuwa 2019, kan wani katafaren ofishin lauyoyi a New York. Masu son na gida suna da Castle & Castle na Legas, inda Richard Mofe-Damijo da Dakore suke miji da mata masu ofishi ɗaya. Ku dubi ikon Allah, miji da mata duka lauyoyi. Wa zai ci gardamar cefane a gidan nan?

Abin da ke burge yaranmu a Suits shi ne Mike Ross, wanda ya yi ta aikin lauya babu takardar komai sai kaifin ƙwaƙwalwa. Mu kuwa me zai ba mu mamaki? Kowace majalisa daga nan har Dogon Daji da Jabo tana da irinsa: mutumin da bai taɓa rasa hukunci ba, ko rabon gado ne ko iyakar fadama, yana kishingiɗe yana ɓare gyaɗa. Bambancin kawai, nasu sai da ya shiga kurkuku, namu har yanzu shayi ake sayo masa.

Amma ku lura da ubangidansa Harvey. Duk kwat ɗin nan da taƙama, mutumin ba ya son shiga gaban alƙali. Gwanintarsa ita ce ya matse abokin gaba a daidaita a ofis. To wannan ai sulhu ne, aikin da ake yi a zauren mai unguwa, in ya gagara a kai wa hakimi, in ya fi ƙarfinsa a wuce gaban uban ƙasa. Shanu sun shiga gero a Kuchi ko Girkau can ƙasar Kebbe, za a tura dattawa su taka gonar, su kimanta ɓarna, a kira ardo, a biya, a shafa fatiha. Harvey da awa yake cajin wannan aikin, da dala. Namu goro ne, wani lokaci ma shi mai zauren ne zai kawo fura.

Wani tsoho a majalisarmu da aka nuna masa Harvey a shirin cewa ya yi: "Wanga yaro shina da baki, amma ku kai shi gaban alƙalinmu ku gani. Mi za ya faɗi in anka ce ya kawo shaidu?" Kuma gaskiyarsa. A kotun shari'ar Musulunci, inda yawancin ƙararrakinmu na aure da gado da bashi suke ƙarewa, mai da'awa shi ke kawo shaidu, mai musu a ba shi rantsuwa. Babu mutum goma sha biyu da za ka yi wa jawabi har su share hawaye kamar a Amurka. Hular gashin dokin nan ma da baƙar riga da 'yan Kannywood ke ɗora wa kowane lauya, sai a manyan kotuna ake sa su. Kuma lauyan gaske ba ya zagaye kotu yana nuna mutane da yatsa. Rabin aikinsa takarda ce, sauran rabin jiran a kira ƙara.

Sau ɗaya dai muka ga shirin lauyoyi na gaske, kuma da mu aka yi shi. Ɗan garin nan, Aminu Waziri Tambuwal, lauya ne tun 1992, kafin ya zama kakakin majalisar wakilai a 2011 da gwamna a 2015. A zaɓen gwamna na 2019 aka ce ba a kammala ba, aka sake a wasu rumfuna, har da na Kebbe, ya tsira da ratar ƙuri'a 342 a kan Ahmad Aliyu. Daga nan sai kotu, hawa hawa, har Kotun Ƙoli ta tabbatar masa a Janairun 2020. Watannin nan babu mai shayin da bai zama masanin dokar zaɓe ba. Mai faci yana maka bayanin yadda ake soke rumfa, mai kifi yana lissafa manyan lauyoyin kowane ɓangare da sunayensu, kowa rediyo manne da kunne.

Shi ya sa yanzu kowane uba yake son ɗansa ya karanta lauya, shekara biyar a jami'a da ɗaya a makarantar lauyoyi. Amma ranar da yaron ya dawo da takardarsa ya ce a kai ƙarar kawu kan gonar gado, uban ne zai fara miƙewa: "Kai, rufa mana asiri! Ɗan'uwana za ka kai kotu? Tashi mu tahi wurin hakimi."