Fisabilillahi, Amma A Ɗauki Hoto

Malamai sun sha gaya mana cewa sadakar ƙwarai ita ce wadda hannun hagu bai san abin da na dama ya bayar ba. To, yanzu hannun hagun ne ke riƙe da waya. Ɗan buhun shinkafa mai kilo biyar, ƙarti bakwai sun dafa shi, ana ce wa tsohuwar da za a ba: "Iya, ɗan matso, yi murmushi." Kafin ta kai gida, ta riga ta kai Facebook.

In kana son shan kallo, je ka taron neman gudunmawar ginin masallacin unguwa. Alhaji na zaune yana gyangyaɗi, sai sanƙira ya shelanta cewa maƙwabcinsa na kasuwa ya ba da naira miliyan ɗaya. Nan take imani ya motsa. "A rubuta min miliyan biyu!" Kabbara ta tashi, aka rubuta. Har yau 'yan kwamiti na sintiri a ƙofar gidansa, maigadi na ce musu Alhaji ya tafi Umra. Shi ne kuma in an zo batun zakka, kashi 2.5 cikin 100 kacal, sai ya ɗauko kalkuleta, ya tuno basussukan da ake binsa tun yana saurayi, ya kira malamai uku su sake duba masa nisabi.

Akwai sadakar tsoro. An yi mummunan mafarki, ko shari'a ta matso, malam ya ce a toya waina a raba wa yara ranar Juma'a. Yaran unguwa sun gane lissafin: in waina ta yawaita a gidan wane, to ba lafiya ba. Ɗan siyasa kuwa tausayinsa duk shekara huɗu yake tohowa, da taliya da atamfa mai hotonsa.

Mu ma masu dariyar da namu salon. Naira ɗarin nan da aka liƙe da salatif, wadda mai shago ya ƙi, ɗan adaidaita ya ƙi, mai kayan miya ya ƙi, ita muke ajiye wa lahira. Rannan a danja wani ya miƙa wa mabaraci irinta, har yana gyara zama don jin addu'a. Mabaracin ya juya ta gaba da baya, ya ɗaga ta sama, ya mayar masa ta taga.

"Alhaji, Allah ya ba ka haƙuri."