Yadda Ake Gane Baƙon Turai a Kan Ɗorawa

Idan damina ta fara naɗe tabarmarta, masara ta bushe a kara, auduga ta soma buɗewa daga Funtuwa har Malumfashi, akwai baƙon da ke sauka a gonakinmu ba sallama, ba fasfo, ba ya kuma neman a kai shi gaban mai unguwa. Ɗan tsuntsu ne mai cafke ƙwari a iska, masana na kiransa Ficedula hypoleuca. Tsawonsa kimanin santimita 13, nauyinsa giram 12 zuwa 13, amma daga dazukan Turai ya taso, tafiyar fiye da kilomita 4,000. Wanda ya sha wannan hanya ya cancanci a san fuskarsa.

Da farko, Malam, ajiye babur can nesa. Ka nemi ɗorawa ko tsamiya ko mangwaro mai duhuwa, musamman a bakin fadama ko gefen dam ɗin Mairuwa, ka zauna da hantsi lokacin da ƙwari suka fara tashi. Kashe rediyo. Kada ka gayyato abokin nan naka da ba ya iya minti biyar bai tayar da musun farashin buhun masara a kasuwar Dandume ba. Baƙon namu ya tsallako ƙasashe da yawa, amma ba ya jure surutu.

Kada ka tsaya neman ado. A watan Satumba da Oktoba, mace da namiji duk riga ɗaya suke sawa: baya ruwan ƙasa, ciki fari-fari. Fiffike za ka duba, akwai farin tabo a jikinsa. Sai kuma hali, don hali zanen dutse ne. Zai zauna a reshen ƙasa-ƙasa, ya ɗaga fiffike ɗaya sama farat, ya ɗan kaɗa wutsiya, ya yi gajeren kuka, "wit", ya sake, "wit". Kafin ka ƙifta ido ya yi wuf ya cafke ƙuda, ya sauka a wani reshen daban, ko ya dira ƙasa ya ɗauki tsutsa ya koma sama. In ka ga haka, ka yi masa barka da zuwa a zuci, kada ka miƙe da murna ka kore shi.

Yana da ɗan'uwa, Muscicapa striata, wanda ke bin hanyar a lokaci guda. Shi ruwan toka ne, da zane-zane a ka da ƙirji, ba farin tabo a fiffike, kuma ya fi riƙon wurin zama: ya tashi, ya cafke, ya dawo kan reshen da ya bari. Yawancinsu kudu suke zarcewa, har can bayan tsakiyar Afirka.

Inda ake zaluntar bayin Allahn nan shi ne a haɗa su da janbaki. Duk ƙaramin tsuntsun da ya gifta gonar dawa sai a ce ɓarawo ne. To dubi baki. Na janbaki gajere ne mai kauri, na fasa tsaba, kuma dubbai suke zuwa. Na baƙonmu siriri ne, da 'yan gasu a gindinsa, shi kaɗai yake harkarsa, bai taɓa ɗanɗana ƙwayar dawarka ba. Ƙwarin gonarka yake ragewa, bai kuma taɓa tambayar kuɗin ƙwadago ba.

Da yawa daga irin baƙon namu kan ƙara gaba zuwa inda itatuwa suka fi kauri, wajen kudancin Kaduna da Filato, su yi hunturu. In ya wuce ka da kaka, jira shi a Maris da Afrilu. A lokacin ne namijin ke sake gashi, ya fito kamar ango: baƙar alkyabba, farar riga, da ɗigon fari a goshi. Ci yake ba ƙaƙƙautawa yana tara kitse, domin Sahara na gabansa. Binciken da masana a ƙasar Holan suka wallafa a 2016 ya nuna irin waɗannan tsuntsaye kan yi awa 40 zuwa 60 suna tashi ba sauka wajen ƙetare hamada. Kada ka wahalar da kanka neman sheƙarsa, a can Turai yake aure, cikin kogon itace, matar ta saka ƙwai shuɗaye biyar zuwa bakwai. Yana barin mu, shamuwa na isowa.

Karɓar wannan baƙo ba ta da tsada. Ba tuwo yake so ba, ba shimfiɗa. Ka bar ɗorawa da kaɗanyar da ka gada a gona, kada mai gawayi ya ruɗe ka da 'yan kuɗin da ba za su kai sati ba. In za ka yi feshi, ka tsaya kan amfanin gona, ka ƙyale itatuwan gefe. Yaran gida masu yawo da danƙo a wuya, ka zaunar da su ka nuna musu farin tabon nan, ka gaya musu daga inda ya fito. In kuwa ka tsinci tsuntsu da zoben ƙarfe a ƙafa, ba na tsafi ba ne, masu bincike ne suka sa. Ka rubuta lambar da ranar da wurin, ka aika wa cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke Laminga kusa da Jos.