Bakano ya zama kafinta

Bawana Bakano, ina gaisuwa, ko da yake kai ya kamata ka tako har Zariya ka durƙusa. Mun taya ka murnar sabuwar talabijin mai inci 55, don mun san sai da ka yi zazzaɓi kafin kuɗinta su bar aljihunka. Amma da kafinta ya faɗi kuɗin teburin da za a ɗora ta, sai ka ce gara ka ƙara jari. Ka nufi 'Yan Katako ta Na'ibawa, ka ɗauro fallen filawud a saman Adaidaita Sahu, ka aro zarto da guduma wurin maƙwabci. Ko ƙusoshin ma an ce tsofaffi ka miƙar.

Tun daga awo aka fara samun matsala. Kai da ka girma a Kantin Kwari, komai da yadi kake auna shi, sai ka yanka yadi ɗaya da taƙi ka ce ya wadatar. Malam, yadi inci 36 ne. Inci 55 ɗin da aka rubuta a jikin kwali kuwa daga kusurwa zuwa kusurwa ake auna shi, faɗinta na gaskiya ya kai wajen inci 48, wato ƙafa huɗu. Irin taka kuma ƙafafunta biyu can gefe da gefe suke, ba a tsakiya ba. Da aka ɗora ta, ƙafa ɗaya ta samu wuri, ɗayar tana lilo a iska, yaranka biyu suna riƙe da ita kana ta faɗin "kar ku saki!" Fallen da ka sayo ƙafa huɗu ne a faɗi, takwas a tsawo. Da ka bi tsawon, da har rara za ka samu. Amma ina, kana lissafin ragowar da za ka yi wa uwargida kantar kicin.

Na ga ƙarin da ka yi. Guntun katako ka manna a gefe da ƙusa uku, ka shafe da fenti wai kada a gane. An gane.

Sai kaurin filawud ɗin. Mai katako ya nuna maka mai milimita 18, ka taya, ka ga mai 12 ya fi sauƙi, ka ɗauka. Araha ba ta ado, Bakano. Katako siriri mai wannan tsawo, ba ka sa masa tokari a tsakiya ba, ka jibga masa talabijin da sifika da sitabilaiza, har da kwalbar turaren wuta. Yanzu tsakiyarsa ta lotsa kamar bayan jakin 'yan yashi. Ƙafafun teburin huɗu kuwa kowace da ra'ayinta, shi ya sa ka ninke kwalin ashana ka cusa a ƙarƙashin ta hagu.

Inda ka fi ba ni dariya shi ne ɗakin dikoda. Ka yi mata akwati, ka rufe baya ruf, ka sa ƙofa har da sakata, sai ka ce kuɗi za ka adana. Sai da aka gama ka tuna waya ba ta ratsa katako, ka sa wuƙar kicin ka fafe rami. Dikoda tana fitar da zafi, tana son iska, ga zafin Kano na watan Afirilu. Ana tsakiyar kallon Daɗin Kowa a Arewa24 ta ɗauke, ka hau zagin masu wuta, alhali fanka tana juyawa a saman kanka. Rimot ma ba ya aiki sai an buɗe ƙofar, don haskensa ba ya huda filawud, saboda haka autanka ya samu aikin gadi.

Tsayin ma da magana. Ana so tsakiyar allon ta yi daidai da idon mai kallo in ya zauna. Kai ka auna da tsayuwarka, alhali mutanen gidanka a kan kafet suke zama. Duk wanda ya kalli fim ɗaya a falonka sai an murza masa wuya da man zafi.

Abu ɗaya zan faɗa maka ba da wasa ba, saboda yaran, ba saboda kai ba: ka ɗaure talabijin ɗin da bango. Akwai ramukan noti huɗu a bayanta, don haka aka yi su. Yaro mai rarrafe in ya kama teburin nan zai miƙe, kansa za ta faɗo.

Ka kira kafintan nan ka ba shi haƙuri. Zai caje ka kuɗin aiki, ya ƙara da kuɗin cire ƙusoshinka. In kuma ka rantse sai dai ka gyara da kanka, turo babban ɗanka Zariya mu koya masa karanta tef. Kuɗin makaranta za mu haɗa maka da kuɗin sharar da nake bin ka tun Cika-cikin bara.