Shiru Iri Biyu Ne

Tun watan Maris na 2020, da korona ta sa aka rufe makarantu, ɗaliban jinya suka samu sabon aji: wayar hannu. Tsarin ba wuya. Malama ta shiga Zoom, ɗalibai su biyo ta, kowa ya kashe kyamara don kada data ta ƙare, sai a buɗe darasin kula da masu larurar ƙwaƙwalwa. Babin farko shi ne lura: dubi shigar majinyaci, dubi fuskarsa, ga ko yana yarda ku haɗa ido. Malama tana wannan bayani ne ga jerin baƙaƙen akwatuna masu sunaye, ɗaya daga cikinsu sunansa Tecno.

Waya tana da rana, ban raina ta ba. Ɗaliba a Gumel za ta maimaita bidiyo har ta riƙe cewa haloperidol kan sandarar da wuya, mai shan lithium kuma sai ana auna jininsa. Za ta karanta dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta gaji ta 1958, ko kuɗin mota ba ta biya ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne shiru. A ajin intanet fassararsa ɗaya: sabis ya ɗauke. Maganinsa sananne ne, a fita tsakar gida, a ɗaga waya sama, a ce, "Malama, ba ma jin ki." A asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko na Barnawa kuwa sabis lafiya lau, mutumin ne ya yi shiru. Wani damuwa ce ta danne masa harshe. Wani muryoyi yake saurare waɗanda ke ba kya ji. Wani auna ki yake, ko za ki riƙe masa sirri. Wadda ta saba da shirun waya sai ta sake tambayar da ƙarfi, alhali abin da ake so ta jawo kujera ta zauna, ta jira.

Irin wannan lura sai a kusa da majinyaci. A 1954, a Aro ta Abeokuta, Dokta Thomas Adeoye Lambo ya zaunar da majinyata a gidajen mutanen ƙauye, kowa da ɗan'uwansa a gefe. Ɗan'uwan nan ba shi da takardar shaida, amma shi ke fara lura cewa yau kokon majinyacin yana nan yadda aka ajiye shi.