Ƙirar Sandar Sunuka Da Sakamakon Wani Gwaji Da Aka Yi A Kanta

Sandar da ake buga ƙwallo da ita a wasan ful na Amurka, da ɗan'uwansa sunuka na Ingila, tana daga cikin kayan da ido ke rainawa, domin duk wanda ya hango ta a jingine a gidan wasa zai ɗauka kowane kafinta zai iya fitar da irinta tsakanin azahar da la'asar. Tsawonta yakan kai inci 57 ko 58, nauyinta kuma tsakanin oza 18 da 21, wato rabin kilo da ɗoriya. Irin wadda ake yi wa mutum musamman takan kasu gida biyu: akwai gaba, siririn ɓangaren da ke zamewa a kan yatsun mai wasa, akwai kuma gindi mai kauri da ado, inda ake riƙewa. Gwanayen Amurka suna yin gaban da icen mefil mai tauri, wanda ke fitowa a Kanada da arewacin ƙasarsu, na Ingila kuwa sun fi son icen ash, sannan dukkansu sukan ƙawata gindin da eboni, baƙin icen nan mai nauyi da ake sarowa daga dazuzzukan Kamaru da Gabon, wanda danginsu ɗaya da kanyar da ke ƙasar Hausa.

Babban kayan aikin shi ne injin juyi, wanda ke riƙe katako ta kai da gindi yana wulwula shi, yayin da wani ƙaramin injin aski ke tafiya a gefensa yana bin wani miƙaƙƙen ƙarfe da aka ɗan karkatar, don sandar ta riƙa sirancewa daidai gwargwado har bakinta ya tsaya a kan milimita 13 ko ƙasa da haka. Sai dai abin da ya fi injin muhimmanci shi ne jira. Ana busar da katakon har danshin cikinsa ya sauko zuwa kashi 6 ko 8 cikin ɗari, sannan a ɗan aske shi, a rataye shi makonni, a sauko da shi a sake askewa, ana yi ana zubar da duk wanda ya nuna alamar karkata, ta yadda gaban sanda ɗaya kan cinye watanni, wani lokaci ma shekaru. Joj Balabushka, wanda aka haifa a Rasha a 1912 ya kuma yi aikinsa a garejin gidansa da ke Burukilin ta birnin Niyok, bai wuce sanduna 1,200 ba daga 1959 zuwa rasuwarsa a 1975, alhali kuwa mutum ne da ya saba da katako har zarto ya taɓa cinye masa yatsa.

Mai wannan nazari, wanda ma'aikacin gwamnati ne da ya yi ritaya, kuma yake da lokaci fiye da kuɗi, ya auna waɗannan bayanai da idon basira, ya kuma gano cewa sanyin ƙasar Turawa ne kurum ya ɗora musu wannan dogon jira, don haka ƙasar da rana ke gasa ƙwai a kan kwalta ba ta da buƙatarsa. A bisa wannan fahimta ya nufi 'yan katako ana tsakiyar damina yana neman kanya, da bai samu ba kuma aka haɗa shi da wani guntun kirya da mai sayarwa ya yi rantsuwa cewa ya bushe tun bara, ko da yake an lura yana jiƙa buhun da aka naɗe shi a ciki.

Kafintan da aka kai wa aikin gwani ne wajen fitar da ƙafafun gado da na kujera, kuma ya saurari bayanin inci da milimita cikin ladabi, yana cewa, "An gama, Alhaji," tun kafin a gama. Masu wannan sana'a sukan kafa madogara a tsakiyar injin, wato wani zobe mai tayoyi da ke tallafe siririn katako don kada ya riƙa lilo idan juyi ya yi ƙarfi. Injin kafintan ba shi da ita, saboda haka aka wakilta yaron shago ya tallafe da tsumma, aikin da ya riƙe da gaskiya har zuwa lokacin da tsumman ya fara hayaƙi. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, manazarcin ya tafi masallaci, da ya dawo kuwa ya tarar wuta ta dawo, hannun kafinta kuma ya koma ga abin da ya saba, domin gindin sandar ya samu ƙulli uku masu kyau da wuya irin na ƙafar gadon amarya. Da aka nemi bahasi sai ya ce, "Ranka ya daɗe, ai gani na yi abin ya yi lami, na ce bari in sa masa ɗan fasali. Ban ƙara ko kwabo a kan kuɗin ba."

Mahaɗar da ke tsakanin gaba da gindi ita ce inda ake gane gwani, domin dole ramin notin ya faɗa tsakiyar katakon cif, kuma a kan injin juyi ake huda shi. A nan wani mai walda ne ya huda da injin hannu, ya matse sandar tsakanin gwiwoyinsa, ya rufe ido ɗaya, sannan ya dasa notin da ya ciro daga wani tsohon babur.

Saura kan sanda, wanda ke da nasa tarihin. Wani kaftin na sojan Faransa, Faranswa Mingo, shi ake jingina wa ƙirƙiro ɗan guntun fatar da ake mannawa a bakin sanda, a farkon ƙarni na 19 lokacin da yake tsare a kurkuku a Faris, kuma wannan fata ce ta ba 'yan wasa ikon dukan ƙwallo a gefe ta riƙa juyawa. Allin da ake goga mata kuwa, wanda Wiliyam Sifinks da Wiliyam Hoskins suka yi wa rajista a Amurka a 1897, garin yashi ne da na wani dutse mai kaushi, aikinsa ya sa fatar ta kama ƙwallo. Wani baduku ya yanko fata daga dunduniyar tsohon takalmi, aka manna ta da sufa gulu a kan wani zoben tagulla da aka sa a bakin sandar, allin kuma aka aro daga jakar makarantar jika.

Sandar ta kwana a bayan ƙofa har hunturu ya shigo, iskarsa ta zuƙe ruwan da ke cikin kiryar ta gefe guda. Hanyar gwada miƙewar sanda ita ce a kwantar da ita a kan tebur a mirgina, idan lafiyayya ce za ta tafi sumul ba tare da bakinta ya ɗaga ba. Wannan da aka mirgina ta sai ta yi taku biyu tana ɗingishi, ta juyo ta dawo wurin mai ita. Uwargida, wadda ba ta da masaniya kan fannin, ta ɗaga ta da hannu biyu ta ce, "Malam, wannan taɓaryar ai ta fi ƙarfin turminmu." Sikelin mai nama ya nuna ta haura kilo ɗaya, abin da manazarcin ya ɗauka a matsayin shaidar inganci.

An yi gwajin ƙarshe a wani gidan sunuka na unguwa, a gaban samarin da suka ba da wuri suna cewa, "Baba, bismilla." A bugun farko allin makaranta ya sa fatar ta zame, farar ƙwallo ba ta motsa ba. A na biyu, wanda aka ƙara wa ƙarfi bisa shawarar 'yan kallo, fatar ta yi tsalle ta faɗa cikin kofin shayin wani bawan Allah, zoben tagulla ya nutse cikin koren ƙyallen teburin ya tsarge shi kusan kamu guda, gaban sandar kuma ya rabu da gindin ya shige aljihun kusurwa, wanda shi ne kaɗai abin da aka jefa a rami a wannan rana. Ra'ayin manazarcin har yanzu shi ne teburin ne ba a daidaita ba, ra'ayin da mai gidan bai karɓa ba, kamar yadda bai karɓi sandar a madadin kuɗin ƙyalle ba.

A halin yanzu gaban sandar yana aikin tuƙa tuwon suna da na biki a unguwar, inda mata suka yaba da lanƙwasarsa saboda yana kai wa ga gefen tukunya. Gindin kuwa yana nan a ajiye, kuma ana roƙon duk mai karatun da ke da gado mai ƙafa uku ya tuntuɓi mai shi kafin ƙarshen wata, lokacin da wa'adin biyan kuɗin ƙyallen zai cika.